Shekara Bakwai Bayan Yaya Hajara: Tuwon Wadda Ta Ɓata Aiki

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hajara, kuma har yau ban daina jin kishinta ba. Na san ba haka ake buɗe irin wannan rubutu ba. An saba a fara da cewa marigayiya mutuniyar kirki ce, ta bar giɓin da ba zai ciku ba, sannan a bi da addu'a. Duk gaskiya ne, addu'ar ma tana tafe. Amma ni ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, a ɗaki ɗaya muka tashi a nan Birnin Gwari, kuma na tsufa da yin kara a kan abin da ke ci na. Ba kishin miji ba ne, kowa gidanta daban. Kishin 'ya ne. Ni na haife ta, Yaya ta rene ta. Bana yarinyar ta zo ta kwanta a ɗakina tana ramewa, ta ƙi abinci, ga jinjiri a hannunta nono yana ƙafewa. Duk wanda ya shigo dubiya kuwa magana ɗaya yake bar mini a bakin ƙofa, wai da Hajara na nan da ba a kai ga haka ba.

Bari in fara da yadda aka yi 'yata ta zama ta Yaya. Ita ce ta fari a wurina, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai dai ki kau da kai wata ta ɗauke shi. Da lokacin yaye ya yi, Yaya ta zo da zanen goyo ta tafi da ita, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Aka ce kwana biyu ne, in ta manta nono za a dawo da ita. Sai da aka ɗaura mata aure sannan ta bar gidan. Ban ce uffan ba, domin uwar 'yar fari ba ta da bakin magana. Da na ce a dawo mini da ita, garin nan kaf sai ya ji cewa Abu ba ta da kunya. Har yau ban taɓa faɗin sunanta ba, ba kuma zan rubuta shi a nan ba. 'Yar Yaya nake ce mata, mutane suka ɗauka a bakina. Ita kuma Inna take ce wa Yaya, ni kuwa Iya Abu, kamar yadda yaran maƙwabta suke kira na.

Sana'ar gidanmu daddawa ce. Da bazara, in ɗorawa ta nuna, mata kan haɗu su shiga daji da gora mai ƙugiya, a yini ana kaɗo ta, a dawo da buhuna a ka. A ɓare, a daka a fitar da gari, a wanke kalwa, a dafa ta har hayaƙi ya mayar miki da ido ja, a surfe da toka, a sake wankewa, a sake dafawa, sannan a zuba a kwando a lulluɓe da ganye da buhu a bar ta ta yi ɗumi. A wurin rufin nan ake gane mace. In kika bari iska ta shige ta, duk wahalarki ta tafi a banza. Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, tana da doka ɗaya a kan wannan: wadda ta ɓata aiki ba ta cin tuwo ran nan. Ba dukan ki za ta yi ba, ba kuma zagi. Ke da kanki za ki ɗauki faifai ki rufe kwanonki ki tura shi gefe. Ita ma ba ta tsallake dokar ba, na sha ganin ta rufe nata don miya ta yi mata gishiri. Shi ya sa ba mu taɓa ɗaukar abin a matsayin mugunta ba. Tarbiyya muka ɗauke shi, ni kam har tsoron Allah nake ganin sa.

Na fi Yaya iya daddawa, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Tawa baƙa ce wuluk, mai sheƙi, masu tuwon sayarwa har gida suke bi na. Ta Yaya kuwa sai yadda ta kama. Ga ta da mantuwa, ga son hira, ta bar tukunya a wuta ta tafi rakiyar baƙuwa har bakin kasuwa. Da a ce ta riƙe dokar gidanmu da gaske, da rabin rayuwarta da yunwa za ta kwana. Ta kuwa riƙe ta shekaru da yawa. Ni dai na san lokacin da Yaya take siririya, fuska a ɗaure, in an je suna ta zauna can gefe ba ta ko ɗaukar jariri.

Wata rana, lokacin 'Yar Yaya ba ta daɗe a hannunta ba, na biya gidanta da hantsi. Tun daga zaure na ji tsamin daddawar da ta lalace. Na shiga na tarar an kife kwando guda a bayan ɗaki, kaji na tona. Ita kuwa tana zaune a kan tabarma, ta ɗumama tuwo, ta narka masa man shanu, tana ci tana magana ita kaɗai. Da kunnena na ji tana cewa, "Sannu Hajara, kin sha hayaƙi a banza. Ci ki huta, a sake wata." Na tsaya na riƙe baki. Na tambaye ta ko ta fara taɓuwa ne, na kuma tuna mata abin da mahaifiyarmu za ta ce da ta ga wannan aika-aika. Ba ta ko ajiye lomar da ke hannunta ba.

Ta ce, "Abu, da za a ba ki ajiyar akuya, kya hana ta dusa don ta ƙi haihuwa?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To ni ma ajiya aka ba ni. Allah Ya ba ni ajiyar Hajara, kuma zai tambaye ni yadda na riƙe ta. Shekarun da na yi ina hana ta abinci, ina zagin ta a zuci don ba ta haihu ba, ban ga ta haihu ba. Sai dai na ga ta koyi jin haushin masu goyo. Har ke."

Ran nan ne ta gaya mini cewa barkar da ta yi mini ta haihuwa iyakarta baki. Ta ce ba ta iya yi wa kowa murna ta gaskiya ba sai da ta fara jin tausayin kanta, kuma da ta fara, sai ta ga tausayin yana yin saura har ta ba wasu. Ban yarda ba. Na ce wannan sangarta kai ne kawai aka sa masa rigar addini, mutum in ya yi laifi ai dole ya yi nadama. Ta ce nadama daban, yunwa daban, kuma ta farkon ce kawai aka nema a wurinmu. Ta ce in ta idar da salla kanta take fara roƙa wa rahama kafin kowa, domin wadda ba ta yarda rahama za ta same ta ba, ba za ta iya yi wa wani fatanta da zuciya ɗaya ba. Na ce mata malamai sun ƙaru a garin nan, na ɗauki mayafina na fita. Mun yi wannan gardama ta fi a ƙirga, ba ranar da ɗayarmu ta sauka daga kan bakanta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda mutane suka raba mu. In ana maganar taimako, ni ce mai yi. Ni ke kwana a gidan rasuwa ina tuƙa tuwo, ni ke raka mai naƙuda asibiti, ni ke auna wa bazawara hatsi in rumbu ya yi ƙasa. Gaskiya ne in na ba ki kwanon dawa nakan haɗa miki da bayanin inda kika yi sakaci, amma ai don amfaninki ne, kuma ban taɓa faɗin ƙarya a ciki ba. Yaya kuwa me take bayarwa? Ruwa a moɗa, da tabarma, da tambaya ɗaya da ba ta canzawa: kin ci abinci? Matar da aurenta ya mutu, da wadda ɗanta ya yi abin kunya, da wadda ta yi ɓari ana cewa garin aikinta ne, duk ɗakin Yaya suke nufa. Su shiga kai a sunkuye, su fito suna gyara ɗaurin kallabi. Masu cin dawata kuwa in sun hango ni a hanya sai su canza lungu. Na daɗe ina cewa mutane ba su san mai ƙaunarsu ba, kuma wani lokaci har yanzu nakan faɗa.

Haka ta rene mini 'ya ina kallo daga nesa. Akwai ranar da aka bar yarinyar tana tsaron daddawa a shanya, ta tafi wasan 'yar gala-gala, awaki suka shigo suka yi kaca-kaca da ita. Ina gidan. Hannuna har ƙaiƙayi yake, amma ba ni da ikon cewa komai. Yarinya ta dawo ta ga ɓarna. Yaya ta fito ta duba, ta ce lallai yau awaki sun ci suna. Ta durƙusa ta tambaye ta ko ta tsorata, ta ce e. Ta ce to ya isa, tsoron nan ma horo ne. Suka tsince abin da ya saura tare, ta zuba mata abinci. Kashegari ba wanda ya ce mata ta zauna, ita ta ɗauko sandarta ta tsare shanya har rana ta yi sanyi. Na koma gida raina a ɓace. Nawa 'ya'yan na baya in sun fasa kwano ƙarƙashin gado suke tura shi, sai na zo shara in gani. Da 'Yar Yaya ta yi aure ta haifi mace, sunan Yaya ta roƙi mijinta ya sa. Sai a ta biyu aka tuna da ni. Aka sa mata Zainabu, suna kiran ta Ummi, ni kuma na ɗauki son duniya na ɗora wa takwarata, don jika ba a jin kunyarsa.

Yaya ta rasu da bazara, ɗorawa na nuna, bayan 'yar gajeriyar jinya. A zaman makoki na ga abin da ban manta ba. Mata suka cika gida, wasu daga ƙauyukan wajen Gayam, wasu Fulani masu kawo nono kasuwa, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Wata ta ce mini sau ɗaya tak ta taɓa zama a ɗakin marigayiya, amma ta hau mota ta zo. Dukkansu 'Yar Yaya suke nufa su rungume, su ce mata ta yi rashin uwa. Ni kuwa, da na rasa 'yar'uwa ɗaya tilo, ina bakin murhu ina tuƙa musu tuwo, in sun zo wucewa su jefo mini ya haƙuri. Na yi kuka ran nan, amma ba zan rantse cewa duk hawayen na rashi ne ba.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya za ta ce da ta ga shekarun da suka biyo bayanta. Tun tana raye daji ya fara gagarar mu, bayan ta tafi abin ya yi tsanani. Itatuwan ɗorawar da muka sani ɗaya bayan ɗaya, har muna yi musu suna, suka zama sai labari. Kalwa sai a kasuwa, in an samu, 'yan mata kuma sun koma dunƙulen kanti. Yanzu ana cewa an samu sauƙi, wasu sun fara leƙa gonakinsu, Allah Ya ɗorar. Amma akwai ɓarnar da ba a gani daga kan hanya. Garin nan cike yake da mutanen da ke shari'a da kansu. Ga wanda ya gudu ya bar ɗan'uwansa a gona. Ga wadda ta ce wa mijinta ya tafi kasuwa ranar da bai dawo ba. Kowa ya san 'yan bindiga ne suka yi, amma in ka zauna da mutum sai ka ji kansa yake tuhuma. Kuma na lura irin waɗannan su ne suka fi saurin hannu a kan 'ya'yansu, su ne ba a iya yi musu sallama sau biyu. Ina jin da Yaya na nan da tabarmarta ba ta ishi masu zuwa ba. Wannan ma haushi yake ba ni, don na san gaskiya ne.

Daminar bara abin ya shigo gidanmu. 'Yar Yaya tana aure a wani ƙauye ta wajen Gayam. Zazzaɓi ya kama Ummi, mijin kuma ba ya gari. A kwanakin hanya ba ta da kyau, an tare mutane ba da jimawa ba, ba mai mashin ɗin da zai yarda ya fita shi kaɗai. Ga jinjiri a bayanta. Ta ce bari ta jira ranar kasuwa, a fita cikin jama'a, ta yi ta ba yarinya abin da ke gida. Ranar kasuwa ta zo, suka shiga mota. Kafin su iso gari takwarata ta cika a cinyarta.

Ba ta yi kururuwa ba, ba ta yi birgima ba, har mutane suna yabon tawakkalinta. A hankali aka gane ta daina ci. In an kawo abinci sai ta ce tana azumi. Litinin azumi, Alhamis azumi, sauran ranakun ma ramuwa. In an sha ruwa ta kurɓi koko ta ture. Babbar 'yarta, mai sunan Yaya, ta fara shan duka a hannunta a kan abin da bai kai ya kawo ba, har kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta. Jinjirin kuwa in ya yi kuka sai ta miƙa wa duk wanda ke kusa, wai hannunta ba na riƙon yaro ba ne. Da mijin ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ɗauko ta ya kawo mini. Ya durƙusa a tsakar gida ya ce, tunda Inna ba ta nan, sai ni. Na ji wannan tunda ɗin har cikin ƙashina, amma na ce masa ya tafi, zan ji da ita.

Na ji da ita yadda na iya. Na yi mata wa'azin ƙaddara safe da yamma. Na ce kwanan Ummi ne ya ƙare, ko a bakin asibiti take sai ta tafi. Na sa malamin unguwarmu ya gaya mata cewa mai shayarwa ba ta da hurumin wannan azumi. Na yi faɗa, na ce kashe kai take so ta yi ta haɗa da jinjiri. Ta saurare ni kai a ƙasa, ta ce to, Iya Abu, kwano kuma ya koma yadda ya zo. Nono ya ja baya, yaro ya koma kunu, wuyansa ya fara fitowa. Maƙwabta suna shigowa suna fita suna ambaton Hajara. Har na gwada kwaikwayon ta. Na tsaya a bakin ƙofa na ce sannu, na tambaye ta ko ta ci abinci. A bakina sai tambayar ta fito kamar tuhuma, ni kaina na ji. Ban taɓa jin haushin Yaya kamar a kwanakin nan ba. Ta ɗauke mini 'ya, ta saba mata da wani irin lallashi da ban iya ba, sannan ta tafi ta bar ni da ita.

Ana cikin haka na sayi kalwa na ɗora, don zama ba aiki ba ya yi mini. Hankalina ba ya jikina, ban san yadda na yi rufin ba. Ranar da ya kamata ta yi, na ɗaga buhu da safe na tarar sanyi ya shige ta. Ba ɗumi, ba yauƙi, sai tsami. Rabon da daddawa ta lalace a hannuna tun ina amarya. Na kwashe na zubar, na wanke kwando na kife. Da azahar na sauke tuwo, na zuba mata nata na kai bakin ƙofa inda take zaune ta jingina da bango. Nawa kuwa na ɗauki faifai na rufe na tura gefe. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Ashe tana kallo na.

Ta ce, "Iya Abu, ba za ki ci ba?"

Na ce, "Na ɓata aiki."

Ta ce, "Daddawa ce fa."

Na ce aiki ai aiki ne. Na ɗauka maganar ta wuce. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tun da na zo, duk ranar da na ƙi ci ke ma sai ki rufe naki, ina gani. To in ke kin hana kanki tuwo a kan kwandon kalwa, ni da na ɓatar da mutum, me ya kamace ni?"

Duk wa'azin da na yi mata da baki, ashe faifan nan yana bi yana gogewa. Yarinyar da tun yaye ba ta ƙara kwana a ɗakina ba sai bana, wadda aka rena da man shanu da sannu, da wahala ta zo sai ga shi halina ta ɗauko. Na daɗe ina neman abin da ta gada a wurina, ban so ya zama wannan ba. Na ji tsoro ƙwarai, irin wanda ban ji ba ko a lokacin da ake jin harbi a bayan gari.

Na jawo kwanon na ɗauke faifai. Na tashi na ɗauko man shanun da nake ɓoyewa don baƙi, na zuba da yawa. Na zo na zauna a gabanta, abin da ban taɓa yi ba, don uwa ba ta cin abinci gaba da gaba da 'yar fari. Kalmomin Yaya ba za su fito a bakina ba, ban ma gwada ba. Da muryata ta faɗa na ce, "Abu, kalwa ce ta lalace, ba ke ba. Ci." Na gutsuro loma na kai baki. Wallahi haɗiye ta ya fi surfen kalwa wuya. Ji nake kamar mahaifiyarmu na tsaye a kaina. Na haɗiye, na ƙara wata. Ban ce mata ta ci ba, ban ko dubi kwanonta ba.

Ina cikin ci ta fara magana, ba da ni take ba, da bango take. Ta ce da ta sani da ta goya su biyu ta taka da ƙafa. Da ta sani da ta roƙi mai mashin har ya yarda. Ta ce kunyata take ji, takwarata ce aka ba ta ta kasa riƙewa. A da, da na katse ta da ƙaddara. Ran nan bakina cike yake da tuwo, dole na bari ta kai ƙarshe. Da na haɗiye na ce mata, "Tsoro kika ji. Ni ma da ni ce, tsoron zan ji, in jira ranar kasuwa. Takwarata ba uwa ta rasa ba, hanya ta rasa."

Sai ta yi kukan da ba ta yi ba tun damina. Na bar ta ta yi, ina zaune, ban taɓa ta ba don ban san yadda ake yi ba. Da ta gaji ta share fuska da bakin zane, ta jawo ruwa ta wanke hannu. Ba nata kwanon ta buɗe ba, a nawa ta sa hannu. Loma uku ta yi, ƙanana, tana ci tana kallon yatsuna. Har wani ɗan murmushi ya zo mata. Ta ce, "Ashe ke ma manyan loma kike yi, irin na Inna."

Jama'a, ku ji mini wannan. Ni na tuƙa tuwon, ni na zuba man, ni na karya dokar uwata na haɗiye kunyata a gaban 'yar fari, amma da aka zo yabo, lomar ma ta Yaya ce. Na buɗe baki zan ce ai ni na fi ta iya cin tuwo tun muna yara, sai jinjirin ya motsa a ɗaki. Kafin in yunƙura ta riga ni tashi. Ta ɗauko shi ta zauna ta sa shi a ƙirji, ko da yake ba wani abin kirki zai samu ba. Ta daɗe tana shafa masa kai.

Ba zan ce ta warke ba. Akwai ranakun da take wayar gari shiru, abinci sai da lallami. Amma azumin ya tsaya, kunun kanwa yana shiga, nono ya fara dawowa, kuma makon jiya ita da kanta ta ce a aika a kawo mata babbar 'yarta. Ni ma ba zan ce na zama Yaya ba. Jiya ma na yi wa mai kawo mini itace faɗa har ya manta kuɗinsa, sai da na aika masa. Na dai lura tun da na daina yi wa kaina hukunci a kan kowane ƙaramin abu, faɗan nawa ba ya daɗewa kamar da, kuma wata maƙwabciya da ta saba canza lungu ta shigo ta zauna har la'asar.

In aka ce a auna abin da Yaya ta bari, ba shi da nauyi a hannu. Tukwanenta an raba, ɗakinta wasu ke ciki, daddawarta ba mai kewarta. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Ta bar mata a garin nan da ƙauyukansa waɗanda suka taɓa zama a tabarmarta suka tashi ba su tsani kansu ba, kuma 'ya'yansu sun ci moriyar haka ba tare da sun san sunanta ba. Ta bar mini gardamar da na ɗauka na ci, ashe jira take in tsufa. Na yarda yanzu cewa wanda ya hana kansa rahama ba shi da ragowar da zai ba wani, ko da 'yar cikinsa ce. Na yarda, amma ban ji daɗin cewa ita ta riga ni sani ba.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya Hajara, Ya yi miki irin sassaucin da kika yi wa bayinSa, Ya haɗa da mahaifiyarmu, wadda ta kwana da yunwa sau da yawa ba tare da an nema a wurinta ba. Saura magana ɗaya tsakanina da ke. Kin riƙe yarinyar nan kina raye, kin riƙe ta shekara bakwai kina kabari, ban taɓa cewa ki dawo da ita ba. Yau na ce. Ki sakar mini ita haka nan, ko ragowar ce ina so.